WA YA RUSHE ZAUREN GIDANMU?

Na san abin da aka saba gani a wannan mujalla tamu shi ne waƙa, ko gajeren labari, ko kuwa jayayya a kan ƙa'idojin rubutu, wane ya ce a haɗa kalma kaza, wane ya ce a raba ta. To, yau ni ba da waɗannan na zo ba. Ƙara na kawo, kuma waɗanda nake ƙara ba su da nisa. Mu ne, ɗaliban jami'a, yayyen yara, da ni mai wannan rubutu a sahun gaba. In magana ta yi zafi a yi mini aikin gafara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A Unguwar Shanu aka haife ni, cikin Kaduna ta Arewa, maƙwabtan Abakwa da Unguwar Kanawa. A hutun da ya wuce na koma gida, ɗaki ɗaya muke kwana da autanmu, yaro ɗan shekara 12. Wani dare wajen ƙarfe 2 na farka, sai na ga haske yana fitowa daga ƙarƙashin mayafinsa. Na yi shiru ina sauraro. Can sai iyafis ɗin da ya toshe kunne da shi ya zame daga jikin wayar, ɗaki ya cika da ƙarar harsashi, a cikin ƙarar kuwa ga muryar ƙaton namiji, wanda ko kusa ba sa'ansa ba ne, yana cakuɗa Hausa da buroka, yana ɗura wa wani ashar irin wadda ko a tasha sai an kai ƙarshe ake yin ta. Da ya gama sai ya sassauta murya ya ce, “Ƙanena, ka iya wallahi. Gobe zan ƙara maka wani abu.”

Na karɓe wayar. Abin da na gani ya hana ni komawa barci. Mutumin nan sau biyu yana saya wa yaro kaki da bindiga na cikin wasa da kuɗinsa. Daga nan ya karɓi lambarsa suka koma WhatsApp. A can ya tambaye shi wace makaranta yake, ƙarfe nawa ake tashi, wa ke zuwa ɗaukarsa, ko akwai banki a wayar Baba. Saƙo na ƙarshe hoto ya nema, ya kuma ƙara da cewa, “Kada ka gaya wa kowa, tsakaninmu ne.” Autanmu ya amsa duk tambayoyin nan in ban da hoton, shi ma don kamarar wayar ta fashe ne.

To, mai karatu, wa ya sa wa yaron nan wasan a waya? Ni ne. Bara ya dame ni da naci ina karatun jarrabawa, na ba shi tsohuwar wayata don in huta. Da wasan ya tambayi shekarun mai wasa, da hannuna na rubuta tawa shekarar haihuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi ya sa na fara da nawa.

Bari mu tuna yadda Bahaushe ya gina gidansa. Kafin ka ga tsakar gida sai ka bi ta zaure. Baƙo ya yi sallama, a aiki yaro ya je ya ga ko wane ne, maigida ya fito su gaisa a nan, a yi ciniki a nan, a ci tuwo a nan, a yi ban kwana a nan. Har rubutawa ake yi a bango da gawayi ko fenti: “Ba shiga.” Ƙato bai isa ya zarce ɗakin yara da tsakar dare ba, in kuwa ya yi, sunansa ɓarawo, unguwa ce za ta taru a kansa. Mahaifinmu har yau shi ke kulle ƙofar zaure da kansa bayan sallar lisha, ya sa sakata, ya jijjiga ta ya tabbata ta kamu, sa'an nan ya kwanta da zaton iyalinsa na cikin aminci. Alhali kuwa wata uku ke nan wani ƙato yana kwana da bakinsa a kunnen ɗansa.

Kada a ga laifin iyayenmu da gaggawa. Duk wanda ya zauna Kaduna a 'yan shekarun nan ya san dalilin da ya sa uwa ta fi son ganin ɗanta a ɗaki. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. Ran 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris na 2024 kuma aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, 137 suka dawo bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Ga shaye-shaye, ga 'yan sara-suka a lunguna. Saboda haka in Umma ta leƙa ta ga yaro a kwance yana danne-danne, sai ta ce alhamdu lillahi, gara yana gabana. Ba ta san wayar nan ƙofa ce ba, ƙofa kuwa wadda ba ta da zaure, ba ta da sakata.

Domin malamanmu da ba su taɓa riƙe irin wannan wasa ba, ga yadda abin yake. A 2017 wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fito da PUBG, na waya kuma ya biyo baya a 2018. Mutum 100 ake zubowa daga jirgin sama a kan tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta ƙuntata, a yi ta kashe juna har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Kamfanin Garena na Singafo ya fito da Free Fire a 2017, mutum 50, wasa na kamar minti 10, an kuma yi shi yadda ƙaramar waya mai araha za ta ɗauka, shi ya sa ya cika unguwanni irin tamu. Ran 1 ga Oktoba 2019 Call of Duty na waya ya fito, aka sauke shi sau miliyan 100 cikin mako guda. Abin lura a nan shi ne, waɗanda yaro ke harbi da waɗanda ke taya shi harbi mutane ne masu rai, wani a Legas, wani a Alƙahira, wani a Kawo. In ba ka da abokai, na'ura ce ke haɗa ka da duk wanda ta ga dama, ba ruwanta da shekarunsa ko halinsa. Kuma da yake ba a cin nasara sai da shawara, akwai hanyar magana baki da baki. Watau dai kowane zagaye ɗaya, sababbin baƙi uku a kunnen yaro.

Su masu yin wasannin nan a ƙasashensu ba su ce na kowa da kowa ba ne. Bayan majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993 a kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, sai aka kafa hukumar ESRB a 1994 don ta riƙa sa wa kowane wasa alamar shekaru. Harafin T na 'yan shekara 13 ne zuwa sama, harafin M na 'yan 17. Turai ta kafa nata tsarin, PEGI, a 2003, da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Manyan wasannin Call of Duty na zamanin nan M suke ɗauka a Amurka, 18 a Turai. Sai dai a lura, abin da kamfani ya zuba cikin wasa kaɗai ake aunawa, jini da zagi da makamantansu. Abin da baƙo zai faɗa wa yaro ta makirfo ba mai iya auna shi. To, ko alamar ma, a Unguwar Shanu wa ke karanta ta? Mai shagon caji da ke tura wa yaro wasa a kan 'yan canji? Ko Baba, wanda ya iya ajami da lissafin kasuwa amma harafin M bai ce masa komai ba? Mu ne muka iya karanta ta, mu ne kuma muka tsallake ta.

Da na fara ɗaga wannan magana a ɗakin kwananmu na makaranta, jama'a sun rabu biyu, kuma da dukkan ɓangarorin nake faɗa.

Ɓangare na farko su ne masu cewa makircin Turawa ne, an kawo ne don a koya wa 'ya'yanmu kisa, gwamnati ta haramta shi kawai a huta. Na fahimci zafin zuciyarsu. A jihar da bindiga ta mai da mata zawarawa, ba daɗi ka ji yaro ɗan firamare yana jero sunayen bindigogi kamar karatun allo. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. A 2019 masana a Jami'ar Oxford sun binciki matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 tare da iyayensu, ba su sami alaƙa tsakanin buga wasan faɗa da zafin hali ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ɗora aikata ta'asa a kan waɗannan wasanni. Mu ma shaida ne. Wane ne cikinmu bai sassaƙa bindigar kara ba, ko bai bi ƙadangaru da danƙo ba? Su kuwa waɗanda suka addabi Birnin Gwari ba a waya suka koyi harbi ba. Wanda ya tsaya yana zagin bindigar hoto, ya bar jaki yana dukan taiki.

Batun haramtawa kuma an gwada. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG a 2019, Jodan ma ta hana shi a shekarar. Indiya ta rufe shi a Satumbar 2020 cikin rikicinta da Sin, bai cika shekara ba ya dawo da sabon suna a Yulin 2021. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2011 ta hana 'yan ƙasa da 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa 6 na safe, yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, a 2021 aka yanke shawarar soke dokar. Sin ce ta matsa ƙwarai, a Agustan 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da 18 awa ɗaya rak, 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, ita kuwa tana da ikon tilasta wa kowa shiga da sunansa na gaskiya. Mu fa? Da aka rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, me ya faru? Kowa ya koyi zagayawa ta VPN, har da waɗanda da ba su taɓa jin sunansa ba. Mai kiran gwamnati ta hana, so yake a ɗauke masa nauyin da ke wuyansa, ya koma barci.

Ɓangare na biyu su suka fi ba ni haushi, domin su ne 'yan boko irina. Sai su ɗaga kafaɗa su ce, “Haba malam, gem ne fa kawai. Zamani ne. Mu ma mun buga, me ya same mu?” To, ku saurara.

Wanda muka buga a gidan gem muna yara, da wanda ke zaune kusa da kai a benci kake bugawa, ka san shi, ka san gidansu, in ya zage ka ka kai ƙara wajen yayansa. Na yanzu da duniya ake bugawa. A Disambar 2022 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, biyan dala miliyan 520. Daga ciki miliyan 275 tara ce ta keta dokar sirrin yara, miliyan 245 kuma kuɗin da za a mayar wa mutanen da aka yaudara suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba. Cikin ƙarar hukumar har da cewa kamfanin ya bar hanyar magana a buɗe tun daga farko, ya haɗa yara da baƙi, aka yi ta zaginsu, da yi musu barazana, da cin zarafinsu. Aka tilasta masa ya rufe ta ga yara sai in an buɗe da gangan. Fortnite fa ke nan, mai alamar shekara 12 a Turai, wanda ko jini babu. In ana haka a wasan da aka ce na matasa ne, ina ga wanda aka rubuta wa 18?

In kuwa ana son a ji inda abin ke iya kaiwa, ga labarin da kotun Ingila ta tabbatar. Wani yaro ɗan shekara 14 yana buga wasannin yaƙi da abokansa na makaranta a wani dandali da wani saurayi ɗan 18 ke shugabanta. Saurayin ya ce shi babban injiniyan kwamfuta ne mai dukiya, ya yi ta yabon yaron, ya yi ta zuga shi a kan mahaifiyarsa. Uwar ta ga canji, ta kira 'yan sanda a Disambar 2013, ba a yi wani abin kirki ba. A Fabrairun 2014 saurayin ya yaudari yaron zuwa gidansa a Essex ya kashe shi. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2015. Ku dubi matakan: yabo, kyauta, sirri, raba yaro da iyayensa. Uku daga cikin huɗun nan na gani da idona a wayar autanmu. Kada kuma wani ya ce ai can ne. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a nan Nijeriya, na masu yaudarar mutane su karɓi hoton tsiraicinsu sa'an nan su nemi kuɗi da barazanar tona asiri. Yawancin waɗanda suka hara manya ne a Amurka, amma har da yara. Masu wannan sana'a a cikinmu suke, suna jin harsunanmu. A jihar da ake satar mutane don kuɗin fansa, yaron da ya faɗi makarantarsa da lokacin tashi ya ba da abin da ya fi kuɗi.

Sai batun kuɗi. An ce wasan kyauta ne, to da me kamfani ke biyan ma'aikata? Da sayar da kaki, da fentin bindiga, da rawar da ɗan hotonka zai taka in ya yi nasara. Ana saye da kuɗin cikin wasa, wani wasan ya kira su dayamon, wani UC, wani CP, su kuwa da naira ake sayensu. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya, a juya, ko ka sami abin da kake so ko ka sami tarkace, ka sake biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan a 2018 ta ce caca ce. Mu da muke korar yaro in mun gan shi wajen 'yan karta, mun sa masa karta a aljihu. Yaron da ba shi da kaki mai tsada abokai na yi masa dariya, daga nan sai canjin cefane ya fara ƙin cika, ko kuwa ya sami wani “yaya” mai kyauta. Ruwa ba ya tsami banza, ƙato ba ya kashe wa ɗan wani kuɗi don Allah da tsakar dare.

Na uku barci. Likitocin barci sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kwana, matashi kuma 8 zuwa 10. Wanda ya kai ƙarfe 2 yana harbi, aka tashe shi asuba, ya tafi boko, ya dawo ya wuce Islamiyya, a wane aji zai fahimci karatu? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamunsa su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har tsawon kamar shekara. Hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Na yarda. Amma uwar da nata ya faɗa cikin kaɗan ɗin, ba ruwanta da lissafi.

Wani zai ce ina doka? Akwai ta, a takarda. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yaro ta na'ura don lalata. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara da walwalarsu a 2018. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye za a sarrafa bayanan yaro. Duk da kyau. Amma doka bayan ɓarna take zuwa, kuma ba ta kwana a ɗakin yara. Yardar iyayen da ake magana kuwa, maɓalli ne da yaro ke dannawa da kansa, ko yayansa ɗan jami'a ya danna masa.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Da farko, kowane ɗayanmu in ya koma gida hutu ya ɗauki wayar ƙaninsa ko ƙanwarsa, a gabansa, ba a ɓoye ba. Wasan da alamarsa ta wuce shekarun yaro a cire shi, a nema masa wanda ya dace, ga na ƙwallo nan, ga na tsere. Wanda shekarunsa suka kai, a shiga wajen saiti a kashe muryar baƙi, a bar ta abokan da aka san fuskarsu da gidansu kaɗai. A gyara shekarar haihuwar ƙarya da muka rubuta. A sa lambar sirri a kan duk wata sayayya, a cire katin banki. Google na da manhajar Family Link tun 2017, kyauta, da ita babba zai ƙayyade awoyi ya kuma hana sauke abin da bai amince ba. Duk wannan bai fi aikin minti 20 ba, ƙasa da abin da muke ɓatawa a layin cin abinci.

Na biyu, a mai da zaure inda yake. Wasa a tsakar gida, a bar sauti ya fito kowa ya ji, ban da toshe kunne. Ƙato ba ya iya cewa “tsakaninmu ne” in ya san Umma na tankaɗe a gefe. Da an yi lisha waya ta kwana a ɗakin iyaye. A kuma koya wa yaro abu uku da ba a bai wa wanda ba a sani ba: lambar waya, sunan makaranta ko unguwa, da hoto. Kyauta daga baƙo kuwa, a zo a faɗa.

Na uku, wanda ya fi wuya: in yaro ya faɗa, kada a doke shi. Da na nuna wa Baba saƙonnin nan, bulala ya fara nema. Na ce, “Baba, in duka ne da ni za a fara, ni na buɗe ƙofar.” Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya zauna. Yaron da aka zane don ya faɗi gaskiya, gobe zai koyi goge saƙo, shi ke nan an miƙa shi ga mai cewa kada ka gaya wa kowa.

Na huɗu, aikin wannan ƙungiya tamu. Muna alfahari da Hausa, muna shirya makon Hausa, muna sa babbar riga mu yi hoto. To, ga inda Hausa ke bukatarmu. Duk gargaɗin da ke cikin wasannin nan da Turanci yake. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, 'yan ƙananan littattafai aka riƙa bugawa a Zariya ana kai wa manoma da masu sana'a bayani cikin harshensu. Me zai hana mu rubuta takarda ɗaya, gaba da baya, da boko da ajami, mai bayyana ma'anar alamun shekaru da yadda ake kashe muryar baƙi? Mu kai wa masu unguwanni, da limamai, da malaman Islamiyya, da taron iyaye da malamai. Mu manna a shagunan caji da gidajen gem na Unguwar Shanu, da Badarawa, da Hayin Banki, mu roƙi masu su su daina tura wa ɗan firamare wasan manya. Mu nemi fili a gidajen rediyon Kaduna. Malamanmu na sashen harsuna su taimake mu da kalmomi, don uwa ba za ta tsare abin da ba ta da sunansa ba. In ba mu yi wannan ba, Hausar tamu ta ado ce.

Na toshe mutumin nan, na kai rahotonsa ta cikin wasan, na canja wa yaro layi, Baba kuma ya koma kai shi makaranta da kansa. Kwana uku autanmu bai yi mini magana ba. Ran na huɗu muna cin tuwo sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “Yaya, shi kaɗai ne yake ce mini na iya.” Tuwon nan ban ƙarasa shi ba. Gidanmu mutum 11 ne, da masu digiri da masu neman digiri, amma sai da wani ƙato daga wata uwa duniya ya zo ya gaya wa yaronmu kalmar da yake jira. Da yabo aka buɗe ƙofar nan kafin a kai ga kyauta. Tun daga ranar, kafin hutu ya ƙare, kullum da la'asar sai na zauna mun buga ƙwallo a wayar, yana lallasa ni, ina faɗa masa ya iya, don kuwa ya iya ɗin.

Yanzu na dawo makaranta, waya na kwana a ƙarƙashin matashin Umma. Amma ƙannen abokansa nawa ne a layinmu kaɗai da haske ke fita daga mayafinsu ƙarfe 2 na dare? Kai mai karatu, yaushe rabonka da duba wayar da ka bar wa ƙaninka? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa ya kama, na kuwa faɗa muku. Allah ya tsare mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana.